Hannun Da Na Ara Wa Baba

Masu karatu, ku gyara zama. Wadda ta san wa'azi ta zo yi mani a ƙarƙashin rubutun nan ta yi haƙuri, Inna ta riga ta, kuma Innar ce ta sa ni.

Sunana Fiddausiya, 'yar Madawa. Bak, jarrabawar ƙare sakandare, ta kada ni sau biyu, na ce ta riƙe takardarta, na koma saida turaren wuta da mayafai a status. Ni ce auta. Yayyena duk suna ɗakunansu, daga Buza sai Tawa, aikinsu a gidanmu bai wuce turo addu'a a gurup ba.

Babana kuwa, in ka tambayi tsofaffin Adar wane ne Takawa Bahago na Tabotaki, za su aje kofin shayi su ba ka labari har ka nemi hanyar gudu. Ɗan kokowa ne a zamaninshi. In hannun hagunshi ya kama ƙugun mutum, makaɗa kan canza kiɗa tun mutumin bai kai ƙasa ba. Hotonshi na nan a falo, ba riga, layu har gwiwar hannu, yana hararar mai ɗaukar hoton kamar shi ne na gaba.

To, wannan hannun ne ya kwanta. Bayan damina, wata safiya yana alwala, buta ta suɓuce, baki ya karkace. Hawan jini, in ji lokotoro. Ƙafa ta dawo kaɗan-kaɗan, yana jan ta da sanda. Baki ya miƙe. Hannu kuwa ya zauna bisa cinya kamar an ba shi ajiya. Daga nan Baba ya bar fita majalisa, ya juya tabarmarshi ta kalli bango, rediyo a kunne. Mutumin da in ya yi gyaran murya kaji ke watsewa ya koma daga "to" sai "a'a".

A gidan likita anka haɗa mu da kine, wato mai koya ma gaɓoɓi aiki bayan sun shanye. Ni na zaci tsoho za mu iske mai warin man zafi. Sai ga wani dogo, baƙi, farar rigar aiki bisa yadi ruwan toka, da gilashi, da wata wushirya da ban ga amfaninta ga ma'aikacin lafiya ba. Abdoulkadir, ɗan Keita.

Ya buɗe wata 'yar jaka ya fiddo baƙin maɗauri kamar agogo mai faɗi, cikinshi da ƙananan ƙarafa masu sanyi irin maɓallan riga. Ya goge hannun Baba da alkol, ya ɗaura mashi ƙasa da gwiwar hannu.

"Baba, wanga sunanshi kaptar," ya ce. "Duk sadda nama ya yi niyyar motsi, akwai 'yar wuta da ke bi cikinshi, ko ido bai gani ba. Shi yana jin ta, ya aika ma waya, waya ta zana. Matsa hannuna mu gani."

Baba ya kalli rufi. Wani koren layi ya ratsa fuskar wayar a miƙe sambal, kamar sabon titin gudron. Abdoulkadir ya kwance abin ya ɗaura a nashi hannu, ya dunƙule. Layin ya tashi yana tsalle kamar haƙoran zarto.

"Nan muke son mu kai, a sannu."

Ya ce memwar yake rubutawa ta ƙare karatunshi a Yamai, a kan yadda motsa jiki ke tada naman da ya kwanta. Na'urorin kaɗan ne, masu jira da yawa. Zai zagaya Buza da Keita wurin sauran marasa lafiya, sai wata ya kama zai dawo ya duba Baba, amma duk abin da hannun ya yi zai riƙa gani a wayarshi. Ya miƙo wani jan ƙwallon roba, a riƙa matsawa safe da maraice.

"Wa ke da babbar waya a gida?"

Inna ta nuna ni da haɓa. Ya sa mani abin karanta kaptar ɗin a waya, ya karɓi lambata.

"Don aiki," ya ce.

"Ai ban ce don wani abu ba ne," na ce.

Muna isa gida Baba ya juya ƙwallon a hannunshi na dama, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni Takawa. A ba ni ƙwallon yara in matsa."

Ya wurga shi tsakar gida. Akuyar Inna ta bi shi da gudu, ta shinshina, ita ma ta raina. Kaptar ɗin kuwa ya ce in anka sake kusanto shi da shi, rijiya zai kwana.

Na lallaɓa, na yi shagwaɓar auta, na yi kukan da ba hawaye. Inna ta gwada faɗa. Liman ya zo ya kawo hadisin neman magani, Baba ya ce "to", liman na fita ya ƙara ma rediyo murya.

Sai ga saƙo.

"Salut Mademoiselle. Ban ga komi daga Baba ba. Rezon waya ne ya ɗauke?"

"Rezo ne," na rubuta. Allah ya yafe mani, Madawa ba ta taɓa samun rezo mai kyau irin na ranar ba.

Da anka ƙara kwana biyu ya sake rubutowa. "In ba a amfani da shi dole in karɓa in ba wani. Ki fahimce ni, akwai wata tsohuwa a Babankatami da ke jira."

Na karanta ma Inna tana tsintar zogale. Ta ci gaba da tsinta, sannan ta ɗago ta dube ni daga kafaɗa zuwa yatsu kamar mai taya rago.

"Ke ba hannu gare ki ba?"

"Inna, ƙarya ce fa."

"Ƙarya ita ce a ce an yi, ba a yi ba. Mu yi za mu yi. Hannunki ba jininshi ba ne? Ki riƙe mashi wuri kafin Allah ya sauko da zuciyar ubanku. In anka cire sunanshi, wa zai sake duba mu?"

Kun ji fatawar. Ni kuma da ma ba na son lambar nan ta daina rubuto mani, kar ku ce ban faɗa ba.

Na ɗauko ƙwallon daga bayan turmi, na wanke, na shige ɗaki na ɗaura abin a hannun hagu. Kuma jama'a, ban yi aikin banza ba. Ban fara da ƙarfi ba. Na fara kamar mai jin kasala, in matsa kaɗan in saki, in huta, har da nishi ina yi ko da yake na'urar ba ta jin nishi. Kullum in ƙara ɗan kaɗan. In taƙaice maku, na fi Baba iya ciwon Baba.

Saƙonni sunka fara sauka.

"Masha Allah. Ki ce ma Baba na ga aikinshi na yau."

"Ya ce a gaishe ka," in ji ni. Baba na can yana zagin mai karanta labarai.

"Na yau ya fi na jiya. Ke ce ke tsaye kanshi, ko?"

"Ni ce. Ba na ko matsawa."

Daga nan "Mademoiselle" ta faɗi a hanya, aka koma "Fiddausiya". Daga hannun Baba anka gangaro ga ko na ci abinci. Ya turo mani hoton tsaunukan Keita da itatuwa kore shar, ya ce uwarshi na cikin matan da sunka kwashi duwatsu a ka sunka shuka su, tun shi yana goye. Na tura mashi hoton kopton zogalen da na kwaɗa, na jera tumatir a kai kamar a otel. Ya ce ƙuliƙulin ya yi yawa. Na ce ya zo ya rage. Na goge, amma ya riga ya gani.

Ran nan da hantsi ina shara, sai ga wannan:

"Albishirinki. Na aika ma farfesata sakamakon Baba. Ta ce ba ta taɓa ganin mai shekarunshi ya farfaɗo haka ba. Tana son in buɗe memwar da shi."

Tsintsiya ta faɗi. Na rubuta "Alhamdulillah".

Yanzu bari in gabatar maku da Shafi'i, don shi ya ƙarasa ni.

Shafi'i ɗan kawuna ne, tobashina, ɗan yayan Inna. Albasa yake lodi zuwa Abijan. Ba mugu ba ne, ko kusa. Laifinshi ɗaya, yana son a gan shi. In ya turo bokal, wato saƙon murya, sai in kunna in aje wayar in tafi wanka in dawo in iske bai gama gaishe da mutanen gida ba, bai ko kai ga labarin 'yan duwan, wato kwastan, ba. "Madam Shafi'i" yake ce mani tun ina firamare, ni kuma in ce mashi "Miyar gobe". Ni wasa na ɗauke shi. Ashe Inna da Kawu sun daɗe da maida wasan magana. Har an sa Juma'ar da za su zo da goro tambaya. Da Inna ta gaya ma Baba, ya ce ma bango "to", ita kuma ta karɓa a madadin bangon.

"Na gida ne," kullum take ce mani. "Kin san uwarshi, kin san tukunyarsu. Mi kike nema kuma?"

"Inna, mutum ne da in ya wuce sai idona ya yi ruwa."

"Shi ne so."

"Albasa ce."

Ranar da ya dawo daga Abijan, da la'asar, ina zaune bakin ɗakin girki ina yi ma Baba motsa jikinshi na maraice, hannu cikin mayafi. Sai ga sallama, sai ga ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Shadda ruwan ƙwai mai maiƙo, takalmi mai tsini kamar zai huda buhu, makullin mota a yatsa. Ya gaida Baba daga bakin ƙofa, ya aje ma Inna buhun albasa, ya aje mani leda da atamfa a ciki, ya ja kujera.

"Madam Shafi'i, mi ke walƙiya a hannunki? Ko ke ma an sa maki abin bin sawu irin na manyan motocin kamiyo?"

Koriyar fitilar kaptar ce ke ƙyaftawa ta cikin mayafi. Da na yi hankali da na ce agogo ne. Sai bakina ya ce, "Na'ura ce mai auna ƙarfin mutum."

Kar ka ce "ƙarfi" gaban Shafi'i. Kafin in rufe baki ya tuɓe babbar riga ya rataya a igiyar shanya, ya kwance abin daga hannuna ya ɗaura a nashi. Ya kifa tsakar gida ya kama pomp, yana sama yana ƙasa bisa hannuwa, takalmi mai tsini na kartar ƙasa. Ya tashi ya rungumi turmin Inna ya ɗaga sama, jijiyar wuya kamar igiyar guga.

"Duba waya, Madam. Mi ta ce?"

Layin ya haukace, yana dukan sama da ƙasa. Inna na dariya tana tafa hannu, tana "ka ga namiji". Ni ma dariyar nake yi, har sai da na tuna forfe ɗina na intanet a buɗe yake.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Abdoulkadir. Bai taɓa kira ba sai ranar. Na zagaya bayan ɗakin girki inda Inna ke tara itace.

"Fiddausiya, Baba mota yake ɗagawa?"

Na buɗe baki, rezo bai zo ya cece ni ba.

"Hannun wa ne?"

"Na ɗan kawuna. Wasa yake yi."

"To. Na sauran kwanakin fa?"

Na tsaya ina kallon wata ƙadangaruwa bisa katanga.

"Nawa ne," na ce.

Na ji kukan jaki daga can inda yake.

"Farfesa ba komi ba ce," ya ce daga baya, muryarshi a kwance. "Zan kira ta in ce na yi wauta, ta wanke ni tas, ya wuce. Hannun Baba nake ji. Irin wanga ciwo, watannin farko su ne kasuwarshi. In ta watse, sai abin da Allah ya yi. Ina nan ina murna ina nuna ma mutane, ashe hannun na kwance ba mai taɓa shi."

"Ya ƙi ne. Mun yi, mun yi."

"Da kin gaya mani ya ƙi. Shi ma aikina ne." Ya ja numfashi. "Ran Laraba zan zo in karɓi abuna. Sai an jima, Mademoiselle."

Wannan "Mademoiselle" ta fi mari zafi.

Da Shafi'i ya tafi, yana cewa in tura mashi hoton layinshi ya sa a status, na gaya ma Inna. Ta ce, "To shi wa ya ce ya yarda?" Amma ranar tuwonta ya kwana a kwano. Ni kuwa na zauna na dubi hannun Baba da kyau, abin da na daɗe ban yi ba. Ya rame. Yatsun sun fara lanƙwashewa ciki. Duk kwanakin da nake ɗaki ina wasan kwaikwayo, shi yana nan yana bushewa.

Wayata ta yi tsit. In buɗe in ga yana kan layi, in rufe. Bokal ɗin Shafi'i kaɗai ke shigowa.

Ran Litinin da la'asar ana kokowar takobi, rediyo na kawowa kai tsaye. Ɗan Tawa zai kara da wani ɗan Dosso. Baba ya manna rediyo a kunne, ko tari ba a yi mashi. Na ɗauko kaptar ɗin zan sa a jakarshi, sai wani haushi ya taso mani, na kaina da na kowa. Na durƙusa gefen tabarma.

"Baba, abin mutane ne, jibi za a karɓe. Ko sau ɗaya dai ya zauna a hannun mai shi."

Bai ko san ina yi ba. Na ɗaura mashi na tafi na kama dakan gero. Ina jin shi daga can yana magana da rediyo.

"Ƙugu. Kama ƙugu, ɗan banza. Wa ya koya maka kama wuya? Shiga ta hagu."

Ban kai ga tankaɗe ba wayata ta yi ƙara.

"Mademoiselle. Yanzun nan, hannun wa?"

"Na Baba."

"Ki rantse."

Na rantse, na ɗauki hoto na tura: Baba a kishingiɗe, hula a goshi, fitila na ƙyaftawa a hannu.

"Mi yake yi?"

"Yana zagin rediyo."

"Kar ki cire sai an gama kokowar. Gobe ina tafe."

Washegari na sa atamfata mai ruwan bula da zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, na ɗaura kallabi ya ƙi zama na sake, na ja kwalli, na tsuguna kan turaren da nake saida ma mutane da tsada ban taɓa ƙona ma kaina ba. Ba don kowa ba. Talata ce kawai.

Ya iso da hantsi bisa moto, wato babur. Ya gaida Inna har ƙasa, ya tuɓe takalmi ya zauna gaban Baba. Ni ko kallon da ake yi ma turmi ban samu ba.

"A kawo waya," ya ce ma iska.

Na kawo. Ya goge hannun Baba, ya ɗaura.

"Matsa, Baba."

Layi sambal.

"Na ce maku ya mutu," in ji Baba. "Ku bar gawa ta huta."

Abdoulkadir ya latsa wayarshi ya kai ta gaban idon Baba. "Wanga na jiya ne da la'asar. Ka ga nan? Da nan?" Na leƙa ta bayan kafaɗarshi. Layin a kwance yake, amma nan da can yana da 'yan tsini ƙanana, kamar haƙoran ɓera. "Duk sadda anka yi kamu a rediyo, nama na amsawa. Wanga ba na ɗiyarka ba ne, ba na mai ɗaga turmi ba ne. Naka ne."

Inna ta kama tari. Ni na nemi ƙasa ta tsage.

"Bar tari," in ji Baba, bai ko juyo ba. "Mai kallon bango kunnenshi na baya. Duk na ji ku, ke da fatawarki."

Abdoulkadir ya kwance agogonshi ya sa aljihu. Ya ɗauki hannun Baba, ya buɗe yatsun a hankali, ya kwantar da wuyan hannunshi cikin tafin. Sannan ya gyara gilashi, ya yi magana kamar mai ba da labarin farashin gero.

"Baba, ni dai abin da na ji a Keita, wai ba ka taɓa kada ɗan garinmu ba. Wai ranar da anka haɗa ku da Mu'awiya, alƙali ne ya taimake ka."

Tun da ciwon nan ya same shi ban ga Baba ya juyo da sauri haka ba.

"Wa ya faɗi?"

"Kowa. Har kakata."

"Mu'awiya? Mu'awiyan da na ɗaga har ya hango kasuwar Tamaske? Wanda anka yi ma fifita da faifai?"

"Ita dai ta ce santsi ne ya kwashe shi."

"Santsi. A rani."

Wayar na hannuna, kuma wallahi layin ya tashi. Ba haƙoran ɓera ba, ya fi haka. Na ɗaga ido na dubi hannun. Babban yatsa ya motsa. Manuni ya bi shi. Sunka lanƙwasa a wuyan hannun Abdoulkadir, riƙo irin na jinjiri in ka sa mashi yatsa.

Inna ta miƙe ta nufi ɗakin girki tana goge ido da bakin zane, tana cewa albasar yaron nan Shafi'i yaji gare ta. Ba wanda ya yanka albasa a gidan ranar.

Baba ya daɗe yana kallon yatsunshi. Na zaci kuka zai yi, na fara neman inda zan sa idona. Sai ya ce:

"Sake faɗin abin da kakarka ta ce."

Sunka yi ta yi har rana ta take tsaka. Kakar Abdoulkadir, Allah ya jiƙanta, ta sha zagi, ita da Keita da duwatsunta. Wani riƙon ya zo, wani ya ƙi. Gumi ya jiƙa rigar Baba. A ƙarshe Abdoulkadir ya ce a manta da ƙwallo. A samo tsohon zane a murɗe shi kamar ɗamarar 'yan kokowa a ɗaure a ginshiƙin rumfa, Baba ya riƙa kai mashi kamu safe da maraice. Ya ce ba alkawari ya yi ba, wataƙila hannun ba zai koma kamar da ba, amma akwai rai a ciki. Kaptar zai zauna. Tsohuwar Babankatami ya samo mata wani.

"A hannun Baba zai zauna," ya ƙara, ya dube ni a karo na farko. Wushiryar ta so ta leƙo, ya hana ta.

Baba ya ce a tada shi zaune. Ya ce a juya tabarma ta kalli tsakar gida. Ya ce a kawo fura a ba baƙo. Inna ta kawo, ido jajur, ta ga mai gida ya dawo, ta ce bari ta yi amfani da damar.

"Malam, tun da ka warware, ka tuna Juma'a su Yaya na tafe da goro."

"Bango na ce ma to. Su je su tambaye shi."

Ya juya ga Abdoulkadir, wanda ya kai ludayi baki.

"Kai ɗan Keita. Kwance abin nan ka ɗaura a hannunka."

"Baba, ai ni lafiyata lau."

"Ɗaura dai."

Ya aje ludayi ya ɗaura. Baba ya ce in zauna kusa da shi in riƙe waya inda zai gani.

"Saki hannu. Kar ka motsa."

Layi ya kwanta.

"Sunan ubanka?"

"Yunusa."

Sambal.

"Kana salla?"

"Ina yi, Baba."

Sambal.

"Wayar ɗiyata da ke ƙara, ta shige ɗaki tana dariya ita kaɗai kamar mai iskoki. Kai ne?"

Jama'a, ko Shafi'i da turmi bai kai layin nan inda ya kai ba. Abdoulkadir na zaune kamar an dasa shi, fuska ba motsi, amma yatsunshi sun ƙanƙame gwiwa.

"Baba, wanga abu ba ya gane gaskiya ko ƙarya. Nama kawai yake ji. Kuma maganar aiki ce muke…"

"Hiddausi, mi layin ya ce?"

Na dubi Inna. Na dubi waya.

"Zarto, Baba."

Baba ya yi dariya, irin tashi ta da, mai sa kaji neman mafaka. Rabin bakin bai bi shi sosai ba, amma dariyar ce. Ya share ido da hannun dama.

"Kwance ka ba ta."

"Baba," na ce.

"Saura ke. Ni ba na aurar da ɗiya da jin bakin bango. Ɗaura."

Abdoulkadir ya miƙo mani abin, idonshi a ƙasa. Ƙarafan sun ɗumama da jikinshi. Na ɗaura da kaina, na aza hannu bisa cinya, na sake shi iyakar iyawata. Na ce ma kaina, Fiddausiya, ke da kinka yi makonni kina yi ma na'urar nan ƙarya, yau ma ba za ta gagare ki ba. Na fara karanta Ƙulhuwallahu a zuci. Na tuno bokal ɗin Shafi'i don jikina ya mutu.

Baba ya karɓi wayar daga hannuna ya miƙa ma Inna.

"Ke za ki duba, kar ki ce an yi maki maguɗi."

Inna ta riƙe wayar nesa da fuska yadda take yi in ba gilashi. Ta duba. Ta matso da ita. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi ɗan Keita, ta sake duban wayar, sannan ta zauna bisa buhun albasar Shafi'i a hankali.

"Malam," ta ce, "ai ba ka ko tambaye ta komi ba tukuna."